Storrs: Ƙauyen Amurka da Ake Koyon Ceton 'Yan Wasa

Mafi yawan 'yan kasuwarmu da ke zuwa Amurka ba sa wuce wurare uku: unguwar Bronx a birnin Niyok inda 'yan zango suke, filayen gwanjon motoci, da tashar jiragen ruwa ta Newark inda ake loda kwantena zuwa Tema ko Kwatano. Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin sunan Storrs. Ƙauye ne a jihar Konetikat, tafiyar sama da kilomita 200 daga Bronx, babu kasuwa babu tashar jirgi, sai daji da gonaki da wata babbar jami'a a tsakiyarsu. Ita ce Jami'ar Konetikat, wadda mutanen can ke taƙaita sunanta su ce UConn.

Abin da ya kai ni can maganar gida ce. Ɗan yayata ya tafi Amurka da bizar nan ta ƙuri'a da ake kira lotiri, ya yi digirinsa na farko yana aikin dare, sai labari ya iso Kumasi cewa ya shiga digiri na biyu a UConn, a fannin kula da lafiyar 'yan wasa. Kowa ya san karatun da iyaye a zango suka yarda su zuba wa kuɗi: likita, lauya, injiniya, haɗa magunguna. Mahaifinsa, Alhaji, wanda ya sayar da fili don tafiyar yaron, ya ce shi bai yi haka don ɗansa ya riƙa bin 'yan ƙwallo da gorar ruwa ba. Da yake ni nake zuwa sayen kayan mota duk shekara, sai aka ce in je in gani da idona, domin ba a cinikin biri a sama.

A watan Agusta na tafi. Na kwana biyu a Bronx, na ci tuwon zafi da waakye kamar ina Aboabo, na yi Juma'a a masallacin da ake fassara huɗuba da Hausa, sannan wani abokin ciniki ya ɗauke ni a motarsa. Hanyar tana bin bakin teku har New Haven, ta juya arewa zuwa Hartford, babban birnin jihar, daga nan a yi gabas. Da an bar babbar hanya sai daji ya rufe ka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne katangun duwatsu gajeru da ke ratsa cikin itatuwa, ba siminti ba ƙasa, dutse a kan dutse kawai. Iyakokin tsofaffin gonaki ne. Manoman da suka tsince duwatsun sun daɗe da tashi, daji ya dawo ya cinye gonakin, katangun suka tsaya.

Ita kanta jami'ar daga noma ta faro. A 1881 wasu 'yan'uwa biyu, Charles da Augustus Storrs, suka ba da fili da kuɗi aka buɗe makarantar koyon noma, kuma har yau ba ta rabu da asalinta ba. A gefen gine-ginen akwai wani tudu mai ciyawa da ake kira Horsebarn Hill, inda shanu da dawaki da tumaki ke kiwo. A kusa da shi akwai shagon da ake sayar da askirim na madarar shanun makarantar, iyalai na layi da 'ya'yansu. Na tsaya ina kallon shanun, manya-manya, baƙi da fari, ba tozo, ina tuna na Fulanin da ke saukowa mana daga arewa. Akwai kuma ƙaramin masallaci a bakin jami'ar, a nan muka yi azahar da ɗan nawa.

Abin da garin ke taƙama da shi dai ƙwallon kwando ne. Babban zauren wasansu, Gampel Pavilion, mai rufi kamar an kife ƙwarya, yana ɗaukar mutum kusan 10,000. Ƙungiyar mata ta ci kofin jami'o'in Amurka fiye da sau goma, ta maza kuma ta ci a 2023 da 2024 a jere. Wanda aka zaɓa gwarzon gasar 2023 ɗan Bamako ne, Adama Sanogo, kuma yana azumin Ramadan ya buga wasannin ƙarshe. A gaban zauren ɗan nawa ya fara yi min bayanin sana'arsa. Ya ce, "Kawu, mutum ya wuni bai sha ruwa ba, ya shiga fili da dare ya yi gudun da ake buƙata, ai sai da wanda ya lissafa abin da zai ci da abin da zai sha daga buɗa baki zuwa sahur, yana auna nauyinsa kafin wasa da bayan wasa don ya san ruwan da ya fita. Irin aikinmu ke nan."

Sunan sana'ar shi ke rikita mutane, har a can ɗin. Suna ce mata atiletik tirena, sai mai ji ya ɗauka koci ne ko mai koyar da ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki. Ba ya koyar da wasa, ba ya tsara wanda zai buga. Ma'aikacin lafiya ne da ke aiki a ƙarƙashin kulawar likita, kuma tun 1990 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da sana'ar a matsayin ɗaya daga cikin ayyukan lafiya. Aikinsa ya hana rauni kafin ya faru, ya gane shi idan ya faru, ya ba da taimakon gaggawa a fili, sannan ya bi ɗan wasa da jinya da atisaye har ya koma. Ƙungiyarsu ta ƙasa, NATA, an kafa ta tun 1950, kuma yanzu mata sun fi rabin membobinta.

Na tambaye shi matakan kamar yadda zan tambayi takardun kwantena, ya jero min. Da farko digirin farko na shekara huɗu, kuma dole a cikinsa mutum ya ci darussan ilimin halittu, sinadarai, fizis, ilimin halayyar ɗan Adam, sassan jiki da yadda suke aiki. Bayan nan digiri na biyu, galibi shekara biyu. A da ana shiga sana'ar da digirin farko, amma daga 2022 aka rufe wannan ƙofa. Sharaɗi mafi muhimmanci shi ne makarantar ta zama tana da amincewar hukumar da ke tantance irin wannan karatu, CAATE, domin wanda ya yi a inda babu amincewarta ba za a bar shi ya zauna jarrabawa ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Jarrabawar kuwa wata hukuma ce dabam ke shirya ta, BOC, a kwamfuta, ta awa huɗu. Wanda ya ci shi ke da ikon sa haruffan ATC a bayan sunansa. Sai kuma lasisin jihar da zai yi aiki, kuma duk bayan shekara biyu sai ya nuna ya ƙaro ilimi, takardarsa ta farfaɗo da zuciya ba ta mutu ba.

Rabin karatun a aji ake yi, rabi a fili. Ana tura kowane ɗalibi ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya ƙware, wani lokaci a jami'a, wani lokaci a asibiti ko makarantar sakandare. Ɗan nawa a wata sakandare yake a lokacin, a wani gari da ke kusa, sai na bi shi da yamma na zauna a benci. Zafin Agusta a can irin na Tema ne, mai danshi, gumi ba ya bushewa. Yaran kuwa ƙwallon Amurka suke atisaye, wadda ake sa hular kwano da sulken kafaɗa. Kafin yaro ko ɗaya ya fito, shi da shugabarsa sun riga sun cika wani babban baho na roba da ruwa, sun jera akwatunan ƙanƙara a gefensa a ƙarƙashin rumfa, sun rataye jakar na'urar farfaɗo da zuciya a inda hannu zai kai. Sun kafa wata 'yar na'ura a kan sanda mai auna zafi da danshi da ƙarfin rana da iska a haɗe. Lambar da ta nuna ita ke yanke tsawon atisaye da yawan hutu, kuma na ga koci, ƙaton mutum mai tsawa, ya zo ya tambayi matar nan kafin ya busa usur. Akwai ƙa'ida kuma ta sabawa da zafi a cikin kwana 14 na farko: kwana biyu da hula kawai, kwana uku da hula da sulken kafaɗa, sai a rana ta shida a sa cikakken kaya.

Ana cikin atisaye wani yaro ya taka ƙafar ɗan'uwansa ya faɗi yana riƙe da idon sawu. Ɗan nawa ya durƙusa, ya cire takalmin, ya bi bayan ƙasusuwan idon sawun biyu da ɗan yatsa yana dannawa, ya danna gefen tafin ƙafar, sannan ya ce yaron ya gwada taku huɗu. Ya yi, yana ɗingishi. Daga baya ya gaya min cewa da yaron ya ji zafi a kan ƙashin, ko ya kasa takun, hoto za a tura shi a ɗauka, amma wannan targaɗe ne. Ya naɗe ƙafar, ya rubuta komai a takarda, shugabar ta duba ta sa hannu, aka kira uwar yaron a waya. Na tuna masu ɗori na gida, waɗanda su ma hannu ne jarinsu, kuma da yawansu sun san aikinsu. Bambancin da na gani shi ne shi an koya masa iyakarsa, ya san daidai inda zai ce wannan ya fi ƙarfina, a kai wa likita.

Bahon nan na ruwan ƙanƙara yana da tarihi, kuma tarihin ne ya sa sunan Storrs ya fita a wannan fanni. A ƙarshen Yuli 2001, wani shahararren ɗan wasan ƙungiyar Minnesota Vikings, Korey Stringer, ya faɗi a wurin atisaye saboda bugun zafi, zafin jikinsa ya haura digiri 42, ya mutu ranar 1 ga Agusta yana da shekara 27. Matarsa, Kelci, ta tsaya kai da fata, har a 2010 aka buɗe cibiyar bincike da sunansa a UConn. Shugabanta, Farfesa Douglas Casa, shi kansa bugun zafi ya taɓa kayar da shi a tseren gudu yana ɗan shekara 16. Suna da ɗaki da ake ƙara wa zafi da danshi yadda ake so, a sa mutum gudu a kan inji ana auna yadda jikinsa ke yi.

Darasin da suke yaɗawa gajere ne: a sanyaya tukuna, sannan a ɗauka zuwa asibiti. Idan mai aikin ƙarfi a rana ya rikice, ya fara magana ba kan gado ko ya faɗi, zafin cikin jikinsa ya wuce digiri 40, to hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa ne ke dahuwa, kuma minti 30 ake da su a sauko da zafin ƙasa da 39. Ruwan ƙanƙara da ake motsawa yana sauke kusan digiri ɗaya cikin minti biyar. Wanda aka jefa a mota da zafinsa aka shiga cunkoso, lokacin ya ƙare a hanya. Na ce masa, "Ɗana, mu ina muka ga irin wannan baho a filin zango?" Ya ce, "Kawu, tamfol ma ya isa. A kwantar da shi a kai, mutum huɗu ko shida su ɗaga gefuna, a zuba ruwa da ƙanƙara, a riƙa jijjigawa, kansa a waje." Tamfol dai babu rumfar kasuwar da ba ta da shi, masu sayar da ƙanƙara kuma suna kowane lungu.

Abu na biyu da suka fi tsoro shi ne tsayawar zuciya, kuma a nan mu muka fi kowa tabo. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Liyon ranar 26 ga Yuni 2003, duniya na kallo. Raphael Dwamena na Gana ya faɗi a Albaniya a Nuwamba 2023. Duk ba su tashi ba. A gefe guda, ranar 2 ga Janairu 2023, zuciyar Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ta tsaya a fili a Sinsinati bayan an buge shi a ƙirji. Wanda ya durƙusa yana danna masa ƙirji, Denny Kellington, ɗan wannan sana'a ne, kuma Hamlin ya warke har ya koma wasa. Ajali na Allah ne, ba kowa ake cetowa ba ko da an yi komai daidai, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Sababin a nan shi ne a gane da wuri cewa wanda ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, yana shure-shure ko jan numfashi kamar minshari, zuciyarsa ce. Kada a ɓata lokaci wajen cusa masa cokali a baki ko neman jawo harshe, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, a kawo na'ura. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100.

Akwai na uku da ya shafe mu kai tsaye. Mai jinin AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, amma gudu mai tsanani ba hutu, a cikin zafi da ƙishirwa, kan iya sa jinin ya lanƙwashe ya toshe hanyoyinsa, tsoka ta fara lalacewa. Tun 2010 manyan jami'o'in Amurka ke neman sanin rukunin jinin 'yan wasansu don wannan dalili, ba don a hana su wasa ba, sai don a ba su hutu a kan kari. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, Gana ma ba ta yi nisa da haka ba. Mu da muke gwada jini don aure kawai, ya kamata mu san yana da amfani ga yaran da muke turawa makarantun ƙwallo.

Da dare, a ɗakinsa, muka zauna lissafi, don shi ne abin da Alhaji zai fara tambaya. A ƙididdigar hukumar ƙwadago ta Amurka ta 2023, matsakaicin albashin mai wannan sana'a kusan dala 58,000 ne a shekara, kafin haraji da haya. Mai aikin fisiyo, wato gashi da gyaran gaɓoɓi a asibiti, yana samun kusan dala 100,000, amma shi sai ya yi digirin dakta na shekara uku. Aikin yana cin yamma da Asabar da Lahadi. A shekara biyun karatu, zaman fili ba a biyan ɗalibi, kuma yana cinye lokacin da zai yi aikin neman kuɗi. Wanda ya zo da bizar ɗalibi ya fi shan wuya, domin kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan jiha yawa, kuma ba a ba shi izinin aiki fiye da awa 20 a mako ba. Kasuwar aikin dai tana da faɗi: sakandare, jami'o'i, asibitoci, barikin soja, har masana'antu da manyan ɗakunan ajiya, inda ake ɗaukar su don kula da bayan ma'aikata masu ɗaukar kaya.

Sai maganar dawowa gida. Takardar ATC tana da yarjejeniya da hukumomin Kanada da Ailan da Birtaniya, amma a ƙasashenmu tsarin ya fi sanin fisiyo da likita da nas. Wanda ya dawo sai ya bi ta hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi, ya ga a wane gurbi za ta sa shi. Saboda haka wanda ɗansa ko 'yarsa ke son wannan hanya, kuma niyyarsa a gida zai zauna, ya fara duba na kusa. Ana karanta fisiyo a Jami'ar Gana da KNUST ta Kumasi da jami'ar kiwon lafiya ta Ho da Jami'ar Bayero ta Kano. Ana karanta ilimin wasanni a Winneba, da cibiyoyin INJS na Yawunde da Yamai. Na kira Alhaji a WhatsApp na karanta masa duk wannan ba ragi ba ƙari: aikin lafiya ne mai lasisi, yana riƙe gida, amma ba ya yin kuɗin likita. Ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi yaron, suka daɗe suna magana a kan bashin makaranta da shekarun da zai ɗauka kafin ya biya.

Kowane zango da na sani, daga Nima zuwa Briqueterie ta Yawunde, yana da fili mai ƙura da yara ke buga ƙwallo da rana tsaka, kuma 'yan kasuwa ne ke sayen riguna da kofi da ragon gasar sallah. A kasuwanninmu kuma 'yan dako da kayaye na ɗaukar buhuna a zafin Maris da Afrilu, irin zafin da a can za a soke atisaye saboda shi. Ƙungiyar 'yan kasuwar da ke iya sayen kofi za ta iya ajiye tamfol da durom na ruwa da akwatin ƙanƙara a bakin fili, ta gayyato ma'aikatan Red Cross ko nas daga asibitin unguwa su koya wa matasa goma danna ƙirji a wuni ɗaya, ta mayar da wasa zuwa bayan la'asar. Na'urar farfaɗo da zuciya ba ta kai girman jakar hannu ba, kuma ana sayar da ita a ƙasashen da muke loda kaya, sai dai a tabbatar batirinta da faifan mannawarta ba su wuce wa'adi ba. A kwantenar da na loda a Newark a wannan tafiya, na sa guda ɗaya a cikin but ɗin wata Corolla, ta filin unguwarmu. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, na gida da na tafiya.